'Yan Ci-Ranin Sama: Kallon Tsuntsaye A Bakin Teku Ba Zaman Banza Ba Ne

A cikin watan Oktoba aiki ya kai ni Ikko, na sauka a gidan wani tsohon abokin karatuna wanda ke aiki a wata ma'aikata a can. Ranar Asabar tun kafin gari ya waye ya tashe ni, ya ce in shirya za mu je bakin teku. Na zaci shan iska za mu yi. Da muka isa wani wuri gabas da birnin, ta wajen Lekki, inda wani ɗan rafi ke shiga teku, sai muka tarar da mutane kamar goma sha biyu, maza da mata, yawancinsu ɗalibai ne, sun jeru a kan rairayi sun yi tsit kamar masu jiran liman. Kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya, wata yarinya kuma tana riƙe da littafi tana rubuta abin da ake faɗa mata. Ruwa ya janye ya bar fili na taɓo, a kan taɓon nan kuwa ga waɗansu tsuntsaye masu launin ƙasa suna ta tsattsaga laka da baki.

Can gefe akwai wani mutumin ƙasarmu da ke kiwon dawakin da masu yawon shaƙatawa ke hawa. Da ya ji muna Hausa ya matso muka gaisa. Ya dubi mutanen nan, ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ma cikinsu kake? Ni dai tun da nake ban taɓa ganin zaman banza irin wannan ba. Ba su harbi, ba su kamawa, ba su ci. Kallo kawai!" Na tambaye shi garinsu, ya ce daga wajen Gumel ya fito, da an gama girbi yakan gangaro, in damina ta kawo kai ya koma gona. Na yi dariya na ce, "To, ai ɗan'uwa, abokan sana'arka ake kallo."

Maganar mai dawakin nan ita ce maganar da mafi yawanmu za mu yi, har da masu digiri da manyan sakatarori, kuma ni kaina da ita na je wurin. Na dawo da wani ra'ayi dabam, shi ne nake son in shimfiɗa a gaban masu karatu, musamman ma'aikatan gwamnati waɗanda fayil ɗin filaye da na madatsun ruwa ke bi ta teburinsu, da ɗalibai waɗanda gobe su ne za su zauna a teburin.

Bari mu fara da su wane ne baƙin nan. Bahaushe ba baƙo ba ne ga ƙaurar tsuntsaye. Kowane yaro a karkara ya san in shamuwa ta sauka a kan kuka ko rimin gari, to, a gyara garma. Ya kuma san da kaka ta yi za a neme ta a rasa. Ita shamuwa a cikin Afirka take zagayenta, takan tsallaka can kudancin nahiyar ta ci damina ta biyu. Amma a daidai lokacin da take barinmu, watau daga Satumba zuwa Nuwamba, waɗansu ayarori ne ke shigowa daga Turai da arewacin Asiya, suna gudun sanyin da ke daskarar da ruwa ya kashe ƙwari. Masana sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye kaɗai, irin masu girman gwara da tsattsewa, da ke tsallako Bahar Rum da Hamadar Sahara kowace kaka sun kai wajen miliyan dubu biyu. Ban da su akwai agwagin ruwa, da shaho iri iri, da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa. Waɗannan na ƙarshe da yawansu gaɓar Tekun Atilantika suke bi, daga Holan da Jamus, su biyo ta Faransa da Fotugal da Maroko, su gangaro Muritaniya da Sanigal da Gini Bisau, waɗansu su wuce Gana da Nijeriya, har akwai masu kaiwa Afirka ta Kudu.

Wanda aka fara nuna mini a madubi wani ne mai girman ɗan tsakon da ya tasa, bakinsa dogo ne ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje, Turawa na kiransa wimbirel. Ba shi da wani ado. Da a kasuwa na gan shi ba zan taya ba. Amma danginsa da ke ƙyanƙyasa a tsibirin Aislan, an ɗaura wa waɗansunsu 'yar na'ura a ƙafa, aka gano sukan tashi daga can su bi ta saman teku ba sauka, ba ci, ba sha, kwana huɗu ko biyar, sai a gaɓar Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. Kafin ya tashi yakan yi makonni yana cin abinci har kitse ya lulluɓe shi, kitsen nan shi ne man da yake ƙonawa a hanya, ya iso a rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Wani ɗan'uwansa ma ya fi shi: a 2022 an bi sawun wani ɗan watanni biyar da ya tashi daga Alaska ya sauka Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai taɓa ƙasa ba. Akwai kuma fararen nan masu wutsiya kamar almakashi, waɗanda zan kira tsattsewar teku, masu faɗawa ruwa su suri ƙananan kifaye. Iri ɗaya daga cikinsu kan bi ta gaɓar Afirka ta Yamma a hanyarsa daga ƙarshen arewacin duniya zuwa ƙarshen kudancinta, zuwa da dawowa kimanin kilomita 70,000 a shekara. Wanda ya fi ba ni dariya kuwa wani ɗan ƙarami ne fari-fari, mai tsere da igiyar ruwa: in ta ja baya ya bi ta a guje yana tsintar abinci, in ta dawo ya juya da gudu kamar yaron da ya tsokano kare.

Yaya aka yi aka san duk wannan? Ba da daɗewa ba ne. Har ƙarni na goma sha takwas akwai malaman Turai da suka gaskata cewa tsattsewa cikin lakar tafki take shigewa ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka same ta da mashi na Afirka, mai tsawon kusan santimita 80, ya huda wuyanta. Wani maharbi ne a nahiyarmu ya jefe ta bai kashe ba, ta ɗauki mashinsa ta kai Jamus. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Wannan dabara ce ta buɗe hanyoyin sama ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar nan ma an yi aikin. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, cikin waɗanda suka kafa ta akwai John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Robert Sharland wanda ya yi shekaru a Kano yana sanya wa tsuntsaye zobe. Mai karatu zai lura da cewa duk sunayen nan na baƙi ne. Zan dawo kan wannan.

To, an ji labari mai daɗi. Ina amfaninsa ga mai neman abin sawa a bakin salati?

Amsata ta farko wani abu ne da ya faru a 1969. A Ingila akwai ɗaruruwan mutane, malaman makaranta da akawuna da 'yan fansho, da kan ƙirga tsuntsayen unguwarsu kowace bazara su aika wa wata cibiya. A shekarar nan suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda da yake cike da kowane shinge, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Aka yi ta neman dalili a gonakin Ingila ba a samu ba. Sai a 1974 masana suka haɗa lissafi suka gane cewa tsuntsun nan a ƙasashenmu na bakin hamada yake cin rani, kuma ƙarancin ruwan sama na 1968 ne ya hana shi samun ƙwari da 'ya'yan itacen da zai tara kitsen tsallaka Sahara. Watau ɗan tsuntsun nan ya kai labarin fari Turai shekaru kafin babbar yunwar 1973 ta karkashe dabbobi ta watsa garuruwa daga Sanigal har Cadi. Ba a fahimci saƙon da wuri ba, domin a wancan gefen ana ƙirga, a wannan gefen ba mai ƙirgawa. Ruwa ba ya tsami banza. Tsuntsun da ke cin abinci a ƙasa goma a shekara ɗaya, jikinsa rahoto ne a kan lafiyar ƙasashen goma.

Haka abin yake a bakin teku, har ma ya fi fitowa fili. Tsuntsun taɓo tsutsa yake ci da ƙananan kaguwa da dodon koɗi. A wannan taɓon da fadamun gishirin da ke bayansa ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku. In aka ga tsuntsayen wani wuri suna raguwa shekara bayan shekara, to, abincinsu ne ya ragu, kuma abin da ya ci doma ba ya barin awai: masunci ne zai biyo baya, bayansa kuma mai sayen busasshen kifi da jatan lande a kasuwar Sabon Gari. Masuntan Gana sun daɗe da sanin wannan dangantaka ta wata fuskar, domin inda suka hango tsattsewar teku na faɗawa ruwa, can suke nufa da jirgi. Auna lafiyar taɓo da na'ura aiki ne mai tsada. Ƙirga tsuntsu kuwa madubi ɗaya yake bukata da littafi da mutum mai haƙuri.

Wani misali daga Muritaniya ya isa a yi tunani a kansa. A gaɓar ƙasar akwai wurin da ake kira Bankin Argin, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1976, inda tsuntsayen bakin ruwa kimanin miliyan biyu kan yi lokacin sanyi. Masana daga Holan sun yi shekaru suna auna wani iri da ke zuwa can daga arewacin Rasha. A 2016 suka bayyana cewa 'ya'yan tsuntsun suna ƙanƙancewa, bakinsu na gajarcewa, saboda ƙanƙara na narkewa da wuri a inda ake ƙyanƙyashe su, ƙwarin da za su ci su fito su wuce kafin su fasa ƙwai. In suka iso Muritaniya da gajeren baki ba sa kaiwa ga koɗin da ke binne cikin laka, sai su koma cin saiwar ciyawar ruwa, da yawa su mutu. Ɗumamar yanayi ke nan, wadda muke ji a taron ƙasa da ƙasa kamar tatsuniya, an same ta rubuce a bakin tsuntsu.

Amsa ta biyu ta shafi cuta. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, aka kashe kaji masu yawan gaske, masu gonaki suka tafka hasara. An yi ta muhawara a kan ko tsuntsayen daji ne suka kawo ta ko kuwa fataucin kaji da ƙwai. Ko ma wanne ne, cutar ba ta tafi ba. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa fiye da 700 a gandun Juj da ke arewacin Sanigal, a 2023 kuma ta karkashe tsattsewar teku a gaɓar Sanigal da Gambiya. Wa ke fara ganin gawar tsuntsu a bakin ruwa? Ba likitan dabbobi da ke ofis ba ne. Mai gadi ne, ko masunci, ko ɗalibin nan mai madubi da ke zuwa kowace Asabar, wanda ya san abin da ya saba gani, don haka ya san ranar da abu ya canja.

Na san akwai masu cewa, kuma ba su yi ƙarya ba, manomin Haɗeja da na Yobe ba ya son jin sunan tsuntsu, domin jan-baki na iya share masa gonar shinkafa ko gero cikin yini guda. Gaskiya ne. Amma jan-baki ɗan gida ne, ba daga Turai yake zuwa ba, kuma shi kansa ba a iya yaƙarsa sai an san inda yake kwana, da inda yake sheƙa, da lokacin da yake tashi. Wannan ma ai kallon tsuntsaye ne. Jirgin feshi da ya tashi ba da wannan sani ba, kuɗin jama'a yake zubarwa, ya kuma kashe belbela da zalɓe da kifin da ba su ci wa kowa gero ba. Akwai kuma masu cewa maharbi da mai tarko su ma 'yan ƙasa ne, da naman tsuntsu suke ciyar da iyali. Ban musa ba, kuma ba na goyon bayan dokar da za a rubuta a Abuja a aika wa talaka da ɗan sanda ba tare da an zauna da shi ba. Gana ta nuna wata hanya. Yaran bakin teku a can sun kasance suna kama tsattsewar teku da ƙugiya da zarge don wasa da ɗan nama, ciki har da wani iri mai ruwan hoda a ƙirji da ya kusa ƙarewa a Turai. A 1985 aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen bakin teku, wanda Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, ita ce daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Gana. Aka shiga makarantu aka kafa ƙungiyoyin yara, aka riƙa ƙirga tsuntsaye wata-wata, kuma da wannan ƙidayar ce a 1992 aka sanya wurare biyar na gaɓar ƙasar, watau Keta da Songor da Sakumo da bakin kogin Densu da Muni, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Yaran da ke ɗana tarko aka mayar masu ƙirga.

Yanzu mu dubi namu bakin tekun. Tsawonsa kimanin kilomita 850 ne daga Badagiri zuwa iyakar Kamaru, kuma kurmin fadamar gishiri na yankin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Ba zan yi wa mai karatu ƙari ba, tsuntsayen da ke sauka gaɓarmu ba su kama ƙafar na Muritaniya ko Gini Bisau ba. Amma zango zango ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sun san cewa rijiya ɗaya in ta ƙafe a tsakiyar hanya, ayari duka ne ke shan wahala, ko da sauran rijiyoyin na nan cike. Gaɓar tamu kuwa kowa na ganin yadda take canjawa. Bakin tekun Bar Beach da iyayenmu suka ɗauki hoto a kansa ya tafi: zaizayar da ta biyo bayan gina katangun mashigar jiragen ruwa a farkon ƙarni na ashirin ta ci shi, daga bisani aka cike wurin da yashi ana gina sabon birni na Eko Atlantic. An buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki a Janairun 2023. A 2024 aka fara babbar hanyar da za ta bi gaɓa daga Ikko zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700. Ana haƙar yashi a tafkin Ikko ana cike fadamu ana yanka filaye. A gabas kuma ga malalar mai, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya bayyana irin ɓarnarta, ga wani irin kwakwar ruwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana mamaye wurin itatuwan asali.

Kada a fahimce ni a karkace. Ƙasa mai jama'a fiye da miliyan 200 tana bukatar tashar jiragen ruwa da hanya da gidaje, wanda ya ce a bar Ikko yadda Turawa suka same ta, mafarki yake yi. Abin da nake cewa shi ne muna da doka tun 1992 da ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Ina tambayar jami'in da rahoton irin wannan awo ke zuwa teburinsa: in rahoto ya ce wuri kaza ba shi da wani muhimmanci ga tsuntsaye, da me za ka gwada maganar? In wanda ya rubuta ya je wurin yini biyu a watan Yuni, lokacin da baƙin duk suna Turai, ai gaskiya ya faɗa, bai ga kome ba. Ƙidayar shekara goma ta watan Oktoba da Janairu ce kaɗai za ta iya tsayawa a gabansa. Da ita ne injiniya zai san cewa in ya karkatar da hanya da rabin kilomita, ko ya bar wata 'yar fadama ba a cike ba, ya tsirar da zango ba tare da aikin ya tsaya ba. In babu ita, sa hannu kawai za a yi.

Mu a Arewa mun riga mun ga wannan darasi da idonmu. Dausayin Haɗeja da Nguru masauki ne na dubban agwagi da tsuntsayen ruwa daga Turai, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma tafkin Nguru ne wuri na farko da Nijeriya ta sanya cikin jerin Ramsar a 2000. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun kawo noman rani da ruwan sha, ba mai musun wannan, amma sun canja yadda ambaliya ke sauka a ƙasa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi da tsuntsu duk suka ji a jikinsu. Da an san darajar abin da ke ƙasan kogin tun farko kamar yadda aka san ta daga baya, da an tsara sakin ruwa dabam.

Kuma kada a ɗauka tsuntsu ba ya ƙarewa. Akwai wani ɗan'uwan wimbirel mai siririn baki, da yake ƙyanƙyasa a Rasha yana cin rani a gaɓar Bahar Rum da Maroko. Ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar a wani tafkin bakin teku ne na Maroko, Merja Zerga, a Fabrairun 1995. A 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare daga doron ƙasa. Harbi da busar da fadamu ake zargi. An yi ta sa rai shekara talatin, ana zuwa ana dubawa, ba a ƙara ganin ko ɗaya ba.

Na ce zan dawo kan maganar sunayen baƙi. Alhamdu lillahi, al'amarin ya fara canjawa. Gidauniyar kiyaye halittu ta Nijeriya, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, tana da gandu mai kadada 78 a Lekki tun 1990, tsibirin kurmi a tsakiyar gine-gine. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, haɗin gwiwa da Jami'ar Jos, wadda tun farkon shekarun 2000 take yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga can ne a 2015 aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance, masu sa kai na shiga suna rubuta abin da suka gani ta wayar hannu, kuma samarin Arewa na da tasu rundunar a ciki. Ƙasar da ke da tsuntsaye fiye da iri 900 ta fara sanin dukiyarta da idon 'ya'yanta. Sai dai mafi yawan kuɗin irin wannan aiki daga masu taimako da ƙungiyoyin waje yake fitowa, alhali Nijeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyar Bon ta 1979 a kan dabbobi masu ƙaura, da ta 1995 a kan tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da Asiya. Sa hannu a takarda alkawari ne. Abin da ake bukata don cika shi, watau madubai da man jirgin ruwa da ɗan alawus na masu ƙirga sau biyu a shekara a jihohin gaɓa da na dausayi, bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ɗaya ba.

Akwai wani gibi kuma da ya fi damuna a matsayina na mai rubutu da Hausa. Duk tsawon wannan sharhi ina ta kewaye-kewaye, "mai lanƙwasasshen baki", "mai tsere da igiyar ruwa", saboda sunayen da na sani sun tsaya a shamuwa da gauraka da dinya da kirinjijiya da jinjimi. Na tabbata tsofaffin masunta da maharba na Nguru da Yawuri da bakin Tafkin Cadi suna da sunaye ga da yawa daga cikin baƙin nan, domin da su suka tashi. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sassan Hausa na jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kowace shekara suna neman batun da ɗalibai za su rubuta kundi a kai. Ga batu nan kwance: a haɗa ɗalibin Hausa da ɗalibin ilmin halittu, a ba su littafin hotuna da na'urar ɗaukar magana, su je su zauna da Sarkin Ruwa. Abin da ba shi da suna a harshenka, da wuya ka tsaya masa a gaban kwamiti.

Ga ɗan'uwa ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki zuwa Ikko ko Fatakwal ko Kalaba, wanda Asabar ɗinsa ke ƙarewa a kan tabarma da rediyo, da ɗalibi mai hidimar ƙasa da aka tura jihohin gaɓa, shawarata mai sauƙi ce. Asabar ta biyu ta watan Oktoba, da ta biyu ta watan Mayu, ranaku ne da duniya ta keɓe don tsuntsaye masu ƙaura, ƙungiyoyi kan fita, kuma ba sa korar baƙo. A tambayi masunta lokacin da ruwa ke janyewa, a isa wurin kamar awa biyu kafin ya dawo ya cika, domin a lokacin ne ruwan ke koro tsuntsayen kusa da mai kallo. A sa tufafi marasa haske, a bar rana a bayan kai, kada a matsa har su tashi, domin kowane tashi na banza kitse ne da tsuntsun ya ɗauko daga wata ƙasa. A rubuta rana da wuri da adadi, ko da iri uku kaɗai aka gane.

Mu dai a ranar nan yarinyar mai littafi ta rubuta iri goma sha huɗu kafin rana ta yi zafi. Da za mu tafi, mai dawakin nan ya karɓi madubin abokina ya ɗora a ido, da farko ya juya shi baibai, aka gyara masa. Ya daɗe yana kallon mai bakin laujen nan, sa'an nan ya tambaya ko a watan nawa yake komawa gida. Aka ce masa wajen Afrilu. Ya ce ashe tare za su tashi.